Tsaga a kan gaɓa, ruwa a gindi: a zuƙe ruwan a koma aiki?

"Injiniya, barka da aiki. Ina da kariyar, wato ramin fasa farin dutse, a gefen wani tudu tsakanin Tawa da Keita, mutum 14 ke aiki a ƙarƙashina. Bangon da muke fasawa ya kai mita 12. Bayan ruwan da aka yi a tsakiyar Agusta mun tarar da tsaga a sama, kamar mita 4 daga bakin gaɓa, tafin hannu na shiga cikinta. A ƙasa ruwa ya kwanta har ƙugu, kuma akwai wani layi mai duhu a jikin bangon, daidai tsayin mutum daga ƙasa, ruwa na tsatsafowa ta wurin. Tsofaffin ma'aikatana sun ce dutsen nan mai ƙarfi ne, ba ya faɗuwa. Na ɗauki alkawarin kamiyon 30 kafin ƙarshen wata. In ɗauko injin in zuƙe ruwan mu koma aiki? Kuma ta yaya zan sa ido a kan bangon, tunda ba ni da na'urorin manyan kamfanoni?"

Alhaji, barka kadai, Allah ya tsare mutanenka. Hankalinka yana kan ruwan da ya kwanta a ƙasa, domin shi ne ya tsayar maka da aiki. Ni kuwa ruwan da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba ka gani, wanda ya shiga tsagar nan ta sama yake fitowa ta layin nan mai duhu. Saboda haka kafin komai: kada kowa ya je gindin bangon nan, ko don ɗauko guduma da aka manta, sai an san abin da tsagar take yi. A ja igiya ko a jera duwatsu masu fenti a nisan da bai gaza tsayin bangon ba, in da hali mita 18, wato tsayi ɗaya da rabi. A sama ma kada kamiyon ko tulin ƙasa ya kusanci tsagar.

Tsofaffin ma'aikatanka ba ƙarya suka yi ba, dutsen yana da ƙarfi. Sai dai ba dutsen ne ke karyewa ba, abin da yake zaune a kai ne ke sakin sa. Tudun Adar, inda kariyar ɗinka take, hawa-hawa yake kamar an jera tabarmi. A can sama akwai marmara da jan dutsen yashi. A ƙarƙashinsu farin dutsen da kuke fasawa, wanda ya taru a gindin wani teku shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce, shi ya sa kuke tsintar ƙwanson dodon koɗi da makamantansa a cikinsa, kuma irinsa ne ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza. Tsakanin shimfiɗun farin dutsen kuma akwai shimfiɗun laka masu falle-falle kamar takarda. Da rani suna da tauri, in sun sha ruwa sai su koma kamar sabulu. Ruwa yana bin tsagogin farin dutse ya gangara, in ya iske lakar ba ya iya ratsa ta, sai ya bi kanta ya fito a fuskar bango. Layinka mai duhu kusan tabbas shi ke nan. Ka dubi gangaren tuddan Keita da Buza, ka ga manyan duwatsun da ke zube a jikinsu: haka suka sauko, lakar ƙasa ta saki, na sama ya biyo. Kariyar ɗinka ta gaggauta abin da damana ke yi a hankali ne kawai.

Lissafin ruwan tsaga

Ruwa yana danna abin da ya tare shi gwargwadon zurfinsa, ba gwargwadon yawansa ba. Kowane mita ɗaya na zurfi yana ƙara nauyin tan ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Tsagar da hannu ke shiga da tafki mai faɗin gona, in zurfinsu ɗaya, turinsu ɗaya ne. Kuma turin ba ya ƙaruwa daidai wa daida. In ruwa ya tsaya mita 5 a cikin tsaga, yana tura kowane mita na bangon da ƙarfin tan 12 da rabi. In ya kai mita 10, tan 50 ne. Zurfi ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu.

Mu ɗauka tsagarka ta sauka har kan lakar, wato kamar mita 10. Dutsen da ke gabanta, faɗin mita 4, nauyinsa ya kusa tan 100 a kowane mita na tsawon bango. In lakar a bushe take, tana iya riƙe turin da ya kai kusan rabin wannan nauyi. In ta jiƙe ta yi laushi, abin da take iya riƙewa yana iya faɗuwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, wato tan 20 zuwa 25. Ruwa mai zurfin mita 7 a tsaga turinsa tan 24 da rabi ne. Ban ma sa ruwan da ke shiga ƙarƙashin dutsen yana ɗaga shi ba, wanda ke ƙara rage riƙon. Lissafin ƙiyasi ne, amma ya isa ya nuna maka dalilin da bango zai yi shekara goma a tsaye, sannan ya tafi a dare ɗaya.

Cika tsagar kuma ba ya buƙatar wani babban ruwa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Tawa ba ta cika wuce milimita 400 a shekara ba, amma kowa ya san yadda yake zuwa, milimita 40 ko 50 a cikin sa'a ɗaya ko biyu, a kan tudu mai marmara wanda ba ya shan ruwa. In gangaren da ke bayan kariyar ɗinka hekta biyu ne, ruwan milimita 50 ya kai tano 5,000 masu lita 200. Ko kaɗan daga ciki ya sami bakin tsaga, ta cika maƙil.

Batun injin

Za a zuƙe ruwan, amma ba yadda kake nufi ba. Ruwan da ya kwanta a ƙasa yana jiƙa gindin bango yana tausasa shi, wannan illa ce. A lokaci guda kuma yana tokare gindin daga waje, yana daidaita turin ruwan da ke cikin dutse. In ka janye shi farat ɗaya, na waje ya tafi, na ciki bai samu lokacin fita ba, sai ya zama turi ta gefe ɗaya. Duk wanda ya zauna bakin kori ya san gaɓa ta fi zubewa bayan ruwa ya janye, ba lokacin da yake cike ba.

Ni da kaina na yi wannan kuskure, shekarun farkon aikina, a wani ramin marmara da ke wajen Yamai. Mai wurin yana sauri, ni ma ina so in nuna na iya, muka sa injin biyu suka kwana suna aiki, ruwan da ya fi tsayin mutum muka ƙarar da shi cikin kwana biyu. Da asubahin rana ta uku gaɓar ta zauna, ta binne tiyo da injin ɗaya. Allah ya sa ma'aikata ba su iso ba tukuna. Da na je dubawa na ga abin da ya fi saurin zuƙar muni: bakin tiyon da ke fitar da ruwa mun ajiye shi a sama bayan gaɓa, ruwan da muke zuƙewa yana komawa cikin bangon ta baya. Tun ranar, abin da nake fara tambaya a kowace kariyar shi ne ina ruwan injin yake zuba.

Don haka a ajiye injin ta gefen hanyar shiga, nesa da bangon, a jefa tiyo da igiya ba tare da mutum ya shiga ba. A kafa sanda mai alamun santimita a cikin ruwan. Ni ba na yarda a sauke fiye da santimita 30 a yini a irin wannan hali, kuma kowace safiya sai an duba awon tsaga kafin a tayar da injin. Ruwan a kai shi gangare, can ƙasa da kariyar, inda zai bi hanyarsa zuwa kori ba tare da ya ci gonar wani ba.

Kafin injin ma, aikin da ya fi riba shi ne na sama. A haƙa lambatu a bayan tsagar, aƙalla mita 10 daga gare ta, ya zagaye kan kariyar ya kai ruwan tudu gefe. A daɓe cikinsa da laka, kuma ya kasance da gangare, domin lambatun da ruwa ke kwanciya a ciki ya fi babu sharri. Bakin tsagar kuma a toshe shi da laka a dandaƙe, a rufe da leda mai kauri, a danne da duwatsu. A yi wannan a ranar da babu hadari, mutum biyu kawai, suna tsaye ta ɓangaren tudu, da igiya a ƙugu. Kada a cusa duwatsu a ciki, suna zama kamar tsinken da ke ƙara buɗa ta. Siminti ma asarar kuɗi ne, zai tsage.

Yadda za ka auna ba tare da na'ura mai tsada ba

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan ido bai san kima ba. Tsagar da ta buɗe da milimita 3 cikin dare, babu idon da zai gane, kuma mutum 14 za su ba ka labari 14. Abin da kake buƙata ƙarfen gini ne, da katako, da mita ta ƙarfe, da littafi.

A kafa ƙarfe ɗaya a kowane ɓangare na tsagar, a buga shi sosai har ya daina motsi. A ɗaure doguwar katako a ƙarfen da ke ɓangaren gaɓa, ta ƙetare tsagar, ta kwanta a gefen ƙarfen da ke ɓangaren tudu ba tare da an ɗaure ta ba. A manna mita a jikin katakon. Idan dutsen ya motsa zai ja katakon, mai awo kuma yana karantawa daga ɓangaren da ba ya motsi, ba sai ya taka dutsen da ake tsoro ba. A yi irin wannan a wuri uku ko huɗu, tsakiya da gefe-gefe. A ƙarshen tsagar ta kowane ɓangare a sa alamar fenti da kwanan wata, domin ƙaruwar tsawonta ma labari ne. A duba kuma ko ɓangaren gaɓa yana yin ƙasa da na tudu. In ya fara zama kamar matakala, gindi ne ke tafiya.

Mutum ɗaya zai riƙa karantawa, da mita ɗaya, a lokaci ɗaya, da sassafe kafin rana ta gasa ƙarfe, da kuma maraice, da kuma bayan kowane ruwa. Bambancin milimita ɗaya ko biyu kuskuren hannu ne, kada ya firgita ka.

Yanzu abin da ake nema a littafin. Mutane suna tambayata faɗin nawa ne ke nuna haɗari. Faɗi ba ya nuna komai shi kaɗai. Na ga tsagar da akuya ke faɗawa ciki ta yi shekaru ba ta motsa ba, na ga wadda wuƙa ba ta shiga ta kawo bango ƙasa. Sauri ake dubawa, sannan a duba ko saurin ƙaruwa yake yi ko raguwa. In an yi ruwa ta buɗe milimita 5, washegari 2, jibi 1, sannan ta tsaya, bangon yana amsa wa ruwa ne yana komawa ya zauna. Yana da ciwo, amma yana ba da lokaci. In kuwa ba a yi ruwa ba ka ga 2, sannan 4, sannan 8, to lakar ta saki, kuma kowane motsi yana ƙara mata santsi. Dokata ita ce, awo uku a jere kowane ya fi wanda ya gabace shi, a kwashe kowa da komai, har mai awon ya daina hawa. Ba a jiran na huɗu.

Manyan kamfanoni ma wannan lissafin suke yi, da na'urar rada mai gano motsi daga nesa da madubban awo maimakon katako. A ramin tagulla na Bingham Canyon da ke jihar Yuta a Amurka, na'urori sun nuna bango yana ƙara sauri makonni kafin ya faɗi. Aka kwashe ma'aikata, a daren 10 ga Afrilu 2013 kusan tan miliyan 150 na dutse ya zubo, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Abin da ya cece su, wani ya karanta lambobin, kuma an ji maganarsa aka tsayar da aiki. Wannan ɓangaren a hannunka yake, Alhaji. Ka gaya wa mai awon a gaban kowa cewa in ya busa usur aiki ya tsaya, kuma ba za a yanke wa kowa kuɗin yini ba. In ma'aikaci ya san tsayawa na nufin ya kwana da yunwa, zai ga tsakuwa na zubowa ya yi shiru.

Ruwan ma ana auna shi. Na tsaga: igiya mai ƙulli a kowane rabin mita, a ɗaura mata ƙaramin gwangwani a kife, a zura ta cikin tiyon da aka bari a tsaye lokacin toshe bakin tsagar. In ya taɓa ruwa za ka ji ƙararsa. Na sama: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a kan turke a fili, a auna da mita bayan kowane ruwa. Idan ka jera waɗannan a shafi ɗaya da awon katako, cikin mako biyu ko uku za ka fara gane halin bangonka, ruwa nawa ke motsa shi, kuma bayan sa'a nawa. Sau da yawa motsin ba ya zuwa lokacin da ake ruwan, sai bayan yini ɗaya ko biyu, lokacin da gari ya washe kowa ya saki jiki. Shi ya sa ko a bango mai lafiya ba na barin a yi aiki a gindi washegarin babban ruwa.

Layin da ke tsatsafa kuma a riƙa kallonsa daga nesa, a ɗauki hotonsa da waya daga wuri ɗaya kullum. Ruwa garai-garai da ke raguwa a hankali alama ce mai kyau, bangon yana tsanewa. In ya koma ruwan laka, yana kwashe shimfiɗar da dutsen ke zaune a kai. In kuma ya ɗauke kwatsam alhali tsagar na da ruwa, wannan ya fi kowane muni, hanyar fita ta toshe, turi na taruwa a ciki. Mutane kan yi murna da wannan, su ce ya bushe. Haka nan tsakuwa da ke zubowa babu iska, ƙura da ke fita daga tsaga, ƙara kamar ana karya kara, ko lakar ta kumburo waje kamar ƙullu: kowane ɗaya daga cikinsu ya isa a gudu.

Abin da awo ba zai yi maka ba

Katako da mita suna kama motsin babban dutse mai tafiya a hankali a kan laka. Ba sa kama ƙaramin dutse mai girman buhu da zai ɓalle daga sama ba sallama, kuma daga mita 12 wanda ya kai girman kan mutum ma yana kisa, ko da hular kwano. Maganin wannan ɓanɓarewa ne daga sama da dogon ƙarfe bayan kowace nakiya da kowane ruwa, ana ƙwanƙwasa dutse: mai lafiya yana amsawa da kaifi, wanda ya rabu da uwarsa yana amsawa kamar ganga. Awo kuma ba ya gyara bango. Yana gaya maka lokacin gudu ne kawai.

Gyaran gaskiya shi ne a sauke wannan dutsen da ke gaban tsaga tun daga sama, bayan damana ta ɗauke, a mayar da bango ɗaya mai mita 12 zuwa matakala biyu ko uku, kowace da faɗin da zai tare abin da ya faɗo. Dutsen da aka sauke ai haja ce, ba asara ba. Abin da ba za a yi ba shi ne cin gindi, wato a fasa ƙasa don sama ya faɗo da kansa. Na san ya fi sauƙi, na san da yawa haka suka koya, kuma shi ne ya fi cin rayuka a ƙananan ramuka. Ba mu manta da mutum aƙalla 18 da ƙasa ta rufta wa a ramukan zinariya na yankin Ɗan Isa a jihar Maradi ba, cikin Nuwamba 2021. Ramin daban ne, ƙasar daban ce, amma gaggawar iri ɗaya ce.

Ni daga bayaninka nake magana, ban taka wurin ba. Abu biyu na iya sauya duk lissafin da na yi: ko lakar ta karkata zuwa cikin ramin ko zuwa cikin tudu, da kuma ko akwai wata tsagar a bayan wannan da ciyawa ta rufe. Shimfiɗun Adar kusan a kwance suke, amma karkata kaɗan zuwa rami ta isa ta rage riƙon sosai. Waɗannan sai wanda ya tsaya a wurin. Ka je ofishin ma'adinai na jiha a Tawa ka nemi a turo masani ya duba kafin a taɓa dutsen, musamman in za a sa nakiya, ka kuma nuna masa littafin. Awon mako biyu a hannunsa ya fi masa amfani fiye da duk abin da zai gani da ido a ziyara ɗaya.

Kamiyon 30 ɗin kuma, in akwai wata fuska a kariyar da ba ta ƙarƙashin tsagar kuma ba ta da layin laka mai ruwa, a koma can. In babu, ka kira mai kayan tun yau ka nemi ƙarin lokaci, tun wata bai ƙare ba. Muddin ruwan nan na kwance kuma, ka sa mai gadi da rana. Yaran ƙauye da masu kiwo za su zo wanka da shayar da dabbobi, kuma inuwar da za su nema ta gindin bangon ce.